Daga Zariya zuwa Canglun, ni da Malam

Ranar da za mu tashi, tun kafin kiran assalatu Inna ta shigo ɗakin da na kwana riƙe da ƙullin kaya. Kuka ce da busasshiyar kuɓewa, da daddawar da ta naɗe cikin leda har ninki huɗu, da yajin da aka kwana biyu ana dakawa. Har da kilishi, sai dai Malam ya ce a bar shi a gida, don nama ba ya wuce masu binciken kaya cikin sauƙi. Inna ba ta ja maganar ba. Ta dafa kaina ta ce, "Ki riƙe sallarki, ki riƙe mijinki. Abin da duk kika samu ki gode wa Allah, ko da moɗar ruwa ce." Na ce to, ina goge ido da bakin mayafi. A ranar ban ɗauki maganar da wani nauyi ba, hankalina duk yana kan jirgin da ban taɓa shiga ba.

A ƙarshen 2017 ke nan. Malam ya riga ni tafiya da wata takwas, yana karatun digiri na uku a Jami'ar Utara da ke Sintok, cikin jihar Kedah a arewacin Malesiya, sai ya zo hutu don mu koma tare. Aurenmu bai cika shekara biyu ba a lokacin, kuma kusan rabinsa a waya muka yi shi.

Hanyar Zariya zuwa Kano ba baƙuwata ba ce. Muka wuce Tashar Yari da Kwanar Dangora, muka tsaya a shinge uku ko huɗu, hazo ya lulluɓe gonakin Kura har ba a hangen nesa. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano muka sauka Adis Ababa, muka yi jira, muka sake ɗagawa cikin dare. Abin da ya fi tsaya mini a rai daga wannan doguwar tafiya shi ne lokacin da jirgin ya shiga gargada a sama, na damƙi hannun Malam ban sani ba. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa riƙe hannunsa a gaban mutane ba sai ranar. Bai zare ba, ya ci gaba da karanta addu'arsa a hankali har abin ya lafa.

A filin jirgin Kwala Lamfur, kafin mu kai ga masu buga hatimi sai da aka tura mu teburin lafiya, aka duba katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawar nan da duk wanda ya fito daga Najeriya sai ya nuna. Sannan wata jami'a mai ɗan ƙaramin hijabi ta karɓi fasfona, ta nemi takardar aure, ta sa na ɗora manuniyata biyu a kan na'ura. Ta daɗe tana dubawa, ƙirjina na dukan uku-uku, can ta buga hatimi ta miƙo mini. Da muka fito na ce wa Malam akwai sallolin da ake bina, ya nuna mini wata ƙofa da aka rubuta surau, wato ƙaramin masallaci. Na shiga ɓangaren mata na tarar da fararen hijaban salla a rataye a jere, wankakku, masu ƙamshin sabulu, duk wadda ta zo ta ɗauka ta yi salla ta mayar. Na saka ɗaya, na yi sujada a ƙasar da ban san kowa ba, cikin hijabin da wata baiwar Allah da ba zan taɓa gani ba ta wanke. A nan na fara tuna maganar Inna.

Malesiya tana gaba da mu da awa bakwai, don haka lokacin da jikina ke cewa rana ce, dare ya riga ya yi. Muka kwana a wani ƙaramin masauki, washegari muka nufi babbar tashar motocin da ake kira TBS. Ba kwandasta mai ihu, ba mai fizgar jaka, lambar kujerarka tana jikin tikiti, kusan ringit hamsin kowannenmu, a lokacin ringit ɗaya ya haura naira tamanin. Sanyin cikin motar ne kawai ya gallabe ni, sai da na ƙudundune da zane biyu.

Babban titin da ya ratsa ƙasar daga kudu har iyakar Tailan muka bi, sama da awa shida, ban ji tayar motar ta faɗa rami ko sau ɗaya ba. Dama da hagu itatuwan kwakwar manja ne a jere kamar an ja musu layi, iya ganinka. Malam ya ce asalin itacen daga Afirka ta Yamma yake, aka kawo shi nan, yanzu ga shi su ne ke sayar wa duniya mai. Na yi shiru ina kallo, wani abu ya tokare mini wuya. Wajen garin Ipo duwatsu suka taso, farare masu gashin daji a ka, muka shige ta cikin wani dutse muka fito. Duk inda aka tsaya hutawa akwai banɗaki mai ruwa da wurin salla. Da muka shiga Kedah sai ƙasa ta baje, shinkafa kore shar har inda ido ya ƙare, ga fararen balbelu a ciki, kai ka ce Kadawa ce aka faɗaɗa. Daf da Canglun, garin da za mu zauna kusa da jami'ar, 'yan sanda suka tsayar da mu, saboda iyaka ba nisa. Ɗaya ya shigo ya duba fasfo ɗinmu, ya ga takardar makaranta, ya miƙo ya sauka.

Gidan da Malam ya kama mana ɗaki biyu ne da falo, a layin gidaje masu haɗe da juna, ringit ɗari biyar a wata. Sai daga baya ya gaya mini cewa kafin ya same shi, wani mai gida ya amsa masa a waya, da ya je ya ga baƙin mutum ne sai ya ce an riga an kama. Malam ya ɓoye mini wannan har na yi wata biyu, don kada na shigo garin da ƙullin mutanensa a zuciya. Na gode masa da ya yi haka.

A darena na farko, kafin na kwanta na cika bokiti biyu da babbar roba da ruwa, na jona wayoyinmu a caji, na ɗauko dutsen guga na fara goge kayan Malam tun da wuta tana nan. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallona, ya ce, "Uwargida, ki kwanta ki huta. Gobe ma tana nan, jibi ma tana nan." Ban yarda ba sai da na gani. Na yi sati uku ina tara ruwa kafin hannuna ya daina. Wanda bai taɓa tsayawa a ƙofar gida da rana tsaka yana jiran ɗan garuwa ba, ko ya zubar da miyar da ta lalace saboda firji ya kwana uku ba wuta, ba zai gane abin da nake ji ba duk sanda na murɗa famfo da asuba ruwa ya zubo. Har muka baro ƙasar ban daina cewa alhamdulillahi a bakin famfon nan ba, kuma ba da niyya nake yi ba, fitowa take da kanta.

Abinci kuwa sai da muka yi kokawa da shi. Suna sa sukari a miya, suna dafa shinkafa da madarar kwakwa, akwai kuma wani dakakken jatan lande da suke kira belacan, wanda in maƙwabta suka soya shi sai na rufe taga. Daga baya na lura ita ma daddawata haka take musu, sai na daina yatsina fuska. A hankali na saba da nasi lemak, ƙullin shinkafa da yaji da ƙananan kifi da gyaɗa, ringit biyu bai cika ba, da roti canai, wata irin gurasa da Malam kan sayo mana bayan sallar asuba. A kasuwar dare, wadda ke ci sau ɗaya a mako a bakin titi, na gano ɗanyar kuɓewa da rogo da dankali da tsamiya. Ranar da na tuƙa tuwo da garin shinkafarsu na kaɗa kukar Inna, Malam ya ci ya yi shiru, sai da ya suɗe kwanon ya ɗago ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Jan manja ne na nema na rasa a kantunan garin, a ƙasar da manja ya yi wa yawa, don tacewa suke yi ya koma fari. Gero ma babu. Shekara biyu ban sha fura ba, ban sha kunun tsamiya na gero ba, abin da a gida in an miƙo mini nakan ce na ƙoshi.

Kaɗaici shi ne abin da ba wanda ya gaya mini girmansa. Malam zai fita da safe, ni kaɗai a gida, ba mai sallama, ba yaro mai shigowa aron ludayi, ba mai tallan ƙosai, ba almajiri a zaure. Ruwan sama zai sauko kamar da bakin ƙwarya, ya ɗauke, zafi mai danshi ya dawo, takalman da na ajiye a kabad su yi funfuna. In na so kiran Inna sai na jira azahar ɗinmu ta wuce, lokacin ita ta idar da sallar asuba. A Zariya nakan yi ƙorafin gidanmu ba ya rabo da mutane, mutum bai isa ya rufe ƙofa ya yi barcin rana ba. A Canglun na samu barcin ranar har ya ishe ni, na zauna ina marmarin a buga mini ƙofa.

Wadda ta fara bugawa ita ce maƙwabciyarmu, dattijuwa, da kowa ke kira Makcik, kamar a ce gwaggo. Ta leƙo ta saman katanga ta ce, "Sudah makan?" Ban gane ba, ta kai hannu baki. Ashe tambaya take ko na ci abinci, kuma haka suke gaisuwa, kamar yadda mu muke tambayar gajiya da kwanan iyali. Ba ta jin Turanci sosai, ni ba na jin yarensu, amma muka riƙa tsintar kalmomi a tsakani. Ta ce Isnin na ce Litinin, ta ce Selasa na ce Talata, ta ce Khamis da Jumaat muka fashe da dariya tare. Sabulu sabun ne a wurinsu, labari khabar, duniya kuwa dunia ce. Ita ta fara kai ni masallacin unguwa. Shafi'iyya ne su, suna ƙunuti a kowace asuba, suna bayyana bisimilla, kuma ba wadda ta taɓa yi mini kallon banza don sallata ta ɗan bambanta da tasu. A jihar ma Juma'a da Asabar ne hutun mako, don haka ranar Juma'a Malam yana gida, sai ya yi wanka ya sa farar shadda ya tafi masallaci a ƙafa, yara na binsa da kallo.

Akwai wata ni'ima da sai a can na san ta, kuma ita ce ta fi kowace girma a wurina. A gida, Malam zai dawo daga aiki, ya ci abinci a zaure da 'yan'uwansa, ya wuce majalisa, sai goma ta wuce ya shigo. Ba laifinsa ba ne, haka muka taso muka ga ana yi. A Canglun ba zaure, ba majalisa. Kwano ɗaya muke ci, a kan tabarma ɗaya. A nan na san ba ya son albasa mai yawa, na san yana tsoron tsawa tun yana yaro, na san in karatu ya cushe masa sai ya tashi ya kama wanke-wanke. Ranar farko da na gan shi a bakin famfo da soso na ruga na ce, "Haba Malam, kawo," ya ce in bar shi, ai Manzon Allah ma yana taya iyalinsa aikin gida. Shi ma a nan ya san ni. Da yamma mukan hau ɗan babur ɗinsa mu zaga cikin jami'ar, wadda aka gina a tsakiyar daji, birai na zaune a bakin titi suna kallon masu wucewa.

A watan Mayun 2018 aka yi babban zaɓe. Na sayo shinkafa da mai da ƙwai na ajiye, na ce wa Malam kada ya fita, don na san yadda zaɓe kan zo da zullumi. Makcik ta je ta dawo tana nuna mini yatsanta mai tawada. Aka kayar da jam'iyyar da ke mulki tun samun 'yancin kai, Mahathir, ɗan jihar Kedah, ya dawo kujerar firaminista yana da shekara 92, washegari mai kifi ya zo layinmu da babur ɗinsa yana busa ƙaho kamar kullum.

Bayan ƙaramar salla kuɗin tallafin karatun Malam suka maƙale, wata ɗaya, biyu, har uku. Wani dare muka zazzage jaka da aljihu a kan katifa, muka ƙirga, ringit talatin da bakwai da 'yan sulalla, ga haya ta gabato. Na fashe da kuka na ce ni dai a mayar da ni gida. Malam ya bari sai da na yi mai isata, sannan ya tambaye ni shinkafa saura nawa. Na ce rabin ƙaramin buhu. Ya ce kukar Inna fa? Na ce da saura. Ya ce, "Ke lafiyarki ƙalau, ni lafiyata ƙalau, iyayenmu suna raye, ga rufi a kanmu. Uwargida, mu fara ƙirga wannan kafin mu ƙirga wancan." Ya karanto ayar nan ta cikin Suratu Ibrahim, inda Allah ya ce in kun gode zan ƙara muku. Ba zan ɓoye ba, a daren maganar ba ta shige ni ba, gani nake bai ɗauki damuwata da muhimmanci ba. Kuɗin ma ba su zo washegari ba, sai da aka ƙara mako shida. Mai gidan ya yi mana haƙuri. Muka rayu a kan shinkafa da ƙwai da zogalen da wani Ba'indiye a bayan layinmu ya ce mu riƙa tsinka a bishiyarsa. Amma tun daga ranar, in mun idar da sallar isha'i, ɗayanmu kan ce, "Yau me muka samu?" Wata rana amsar ita ce rana ta fito shanya ta bushe. Wata rana muryar Inna ta fita tar a waya ba ta yanke ba. Ba mu taɓa rasa abin faɗa ba, ko a ranakun da muka yi saɓani.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo a shekara ta biyu. Malam ya dawo da zazzaɓi mai zafi, ciwon kai har cikin ido, gaɓoɓi kamar ana sara. Muka ɗauka maleriya ce, ashe dengi ne, wanda wani sauro mai ɗigon fari a ƙafa ke kawowa. Aka kwantar da shi. Ciwon ba shi da maganin kansa, ruwa ake ƙarawa, kullum a ɗebi jini a duba ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, nasa kuwa sai sauka suke. Na zauna a kujerar roba a gefen gadonsa ina tuna asibitin gida: tabarmi a baranda, kwanukan abinci sun yi layi, 'yan dubiya har sai ma'aikata sun kora, wannan ya ce sannu, wancan ya cusa maka ɗari biyar a ƙarƙashin matashi. Duk wannan da nake gani hayaniya ce, ashe gata ne. A daren farko ba ni da kowa sai Allah, kuma na kasa gaya wa Hajiyarsa gaskiyar halin da yake ciki.

Da gari ya waye sai ga Makcik da mijinta, ta riƙo kwalbar ruwan ganyen gwanda mai ɗacin tsiya da miyar ƙaguwa, wai su abin da suke ba mai dengi ke nan. Na tambayi likita, ya ce ba laifi ya sha, amma kada a fasa abin da suke yi. Kafin azahar ɗalibai 'yan gida suka fara zuwa, na Katsina da na Gombe da na Sakkwato, har da wata Bayarabiya 'yar Ilori da ta kwana biyu tare da ni. Baƙo yana biyan kuɗin asibiti fiye da ɗan ƙasa, suka yi karo-karo a tsakaninsu suka biya, har yau ba su gaya mana wa ya ba da nawa ba. A kwana na shida jinin ya fara hawa. Ranar da aka sallame shi, ya zauna a falo ya ce tuwo yake so. Na tuƙa ina hawaye, na zauna ina kallon yadda yake kai loma baki. A daren ba wanda ya yi tambayar da muka saba.

Sallar da muka yi ta ƙarshe a can, a gidan Makcik muka yi ta. Al'adarsu ce a buɗe ƙofa duk mai wucewa ya shigo ya ci. Ta ba mu ketupat, shinkafar da ake dafawa cikin saƙaƙƙen ganye, da naman rendang, ni kuma na kai mata cincin da dambun kaza. 'Ya'yanta suka durƙusa gabanta ɗaya bayan ɗaya suna neman gafara, abin da ya bayyana da wanda ya ɓoyu, kamar yadda suke faɗa. Da suka gama ta miƙo mini hannu ni ma, na durƙusa a layin 'ya'yanta.

Malam ya kare kundinsa, muka tattara a watan Disambar 2019. Hanyar da muka bi muka zo ita muka bi muka koma, sai dai a wannan karon na san sunan abin da nake gani ta taga. Da aka buɗe ƙofar jirgi a Kano, busasshiyar iskar hunturu ta daki fuskata, leɓena ya fara tsagewa tun kafin mu kai mota, na shaƙi ƙurar nan har cikin ƙirji ina jin daɗinta. Muka isa Zariya bayan magariba, an ɗauke wuta, gidan cike da mutane, kowa da fitilar waya a hannu. Inna ta rungume ni ta ce na rame, ta miƙo mini kofin kunun tsamiya da zafinsa. Na riƙe shi da hannu biyu na shanye tas, na ce a ƙaro.

Da dare ya raba, 'yan'uwan Malam suka shimfiɗa masa tabarma a zaure aka kai tuwo. Ya zauna da su ya taɓa kaɗan, can sai na ji sallamarsa a ƙofar ɗaki, riƙe da kwano a hannu. Ya zauna a gabana ya ce in matso. Muna cikin ci wayata ta yi haske, saƙon murya ne daga Makcik, a can ta tashi sallar asuba ke nan. "Sudah makan?" in ji ta. Malam ya haska kwanon da fitilarsa, na ɗauki hoton tuwon na aika mata.